Shekara guda a kulob ɗin Toastmasters: abin da na biya da abin da na samu

A wani taron bitar aiki na ƙarshen shekarar 2023, shugaban sashenmu ya juyo ya ce in tashi in yi wa mahalarta bayanin alƙaluman da ni da kaina na kwashe makonni uku ina haɗawa. Mutanen da ke ɗakin ba su kai talatin ba, kuma yawancinsu abokan aiki ne da muke cin abincin rana tare. Duk da haka, ina miƙewa yawun bakina ya ƙafe, gwiwoyina suka yi sanyi, takardar da ke hannuna ta kama rawa, muryata ta riƙa fita kamar ta wani baƙo. Na karanta layi huɗu ko biyar, na ce sauran bayanin yana cikin rahoto, na zauna. Wani abokin aiki ne ya ƙarasa bayanin, kuma shi aka yi ta yi wa tambayoyi a kan aikin da bai yi ba. Babu wanda ya zalunce ni a ranar, amma na koma gida da nauyin da ban manta da shi ba har yau.

Ba a ranar abin ya fara ba. A walimar auren ƙanwata an nemi in yi jawabin godiya a madadin iyali, na tura ƙanina, ina faɗa wa kaina cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shekara uku a jere ina rubuta a littafina cewa bana zan koyi magana a gaban jama'a, ina kallon bidiyon masu koyar da jawabi a YouTube, ina tsayawa gaban madubi ina gwadawa, kuma kowace shekara ƙudurin ba ya wuce mako uku. Na san yadda ake buɗe jawabi da yadda ake rufe shi, na san inda ake ajiye hannu, sai dai sanin bai taɓa tayar da ni tsaye a gaban kowa ba. Wata abokiyar aikinmu ce ta gayyace ni wani kulob na Toastmasters, inda ake koyon magana a gaban jama'a, a Abuja a watan Satumban 2024, na je a matsayin baƙo sau biyu, na yi rajista a watan Oktoba. Wannan sharhi na rubuta shi ne domin wanda yake inda nake a da, yana tunanin ko abin ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa.

Toastmasters International ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda wani Ba'amurke mai suna Ralph Smedley ya kafa kulob ɗinta na farko mai ɗorewa ranar 22 ga Oktoban 1924, a ginin ƙungiyar matasa ta YMCA da ke garin Santa Ana a jihar Kalifoniya. Smedley ya lura cewa samarin da ke zuwa wurin suna da hankali da ilimi amma ba su iya tsayawa su yi magana ko su jagoranci taro ba, sai ya haɗa su suna koya wa juna. Sunan ya samo asali ne daga mutumin da ke gabatar da masu jawabi a wurin liyafa, wato kusan aikin da mai gabatarwa yake yi a bukukuwanmu. Sai a 1973 aka buɗe wa mata ƙofar zama mambobi, kuma a 1985 Helen Blanchard ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar. A yau hedikwatarta tana Englewood a jihar Kolorado, kuma tana da kulob fiye da 13,000 a ƙasashe sama da 140. Abin da ya fi muhimmanci mai son shiga ya fahimta tun farko shi ne babu malami a cikin ajin. Kowane kulob mambobinsa ne ke tafiyar da shi a matsayin sa-kai, su ne masu jawabi, su ne masu gyara, su ne masu jera kujeru, ita kuwa uwar ƙungiya abin da take bayarwa shi ne manhaja da tsarin zama.

Kulob ɗinmu yana zama sau biyu a wata, ranar Asabar bayan La'asar, na kimanin awa biyu. Abin da ya fara burge ni a zuwana na farko shi ne an fara a kan lokaci ba tare da jiran kowane babban baƙo ba, an kuma raba mana jadawalin da ya nuna wanda zai yi magana da mintin da aka ba shi. Zaman kashi uku ne: jawaban da aka shirya tun daga gida, sai amsa tambayoyi nan take ba tare da shiri ba, sai kuma tantance duk abin da aka yi. Kowane zama ana canza masu riƙe ayyuka, ta yadda wanda ya jagoranci taro yau zai iya zama mai lura da agogo a zama na gaba.

Mai lura da agogon yana da kati uku. A jawabin da aka ba minti biyar zuwa bakwai, yana ɗaga kore a minti na biyar, ruwan ɗorawa a na shida, ja a na bakwai, kuma a ƙarshen zama ya karanta wa kowa abin da ya cinye. Duk wanda ya taɓa zama a taron da mai jawabi ya ce zai yi magana a taƙaice sannan ya shafe rabin awa zai san darajar wannan kati. Akwai mai lura da harshe, wanda ke kawo kalma guda ta ranar a yi ƙoƙarin amfani da ita, yana kuma rubuta jimlolin da suka yi kyau da waɗanda suka karkace. Akwai kuma wanda aikinsa kawai ya ƙirga kalmomin cike gurbi, irin waɗanda muke yi da Hausa idan tunani ya tsaya: «wato», «ka gane», «e to», da jan «aaa» kafin kalma ta zo. A karo na farko da aka ƙirga mini, na yi irin waɗannan sau 19 a cikin abin da bai kai minti biyu ba, alhali da an tambaye ni zan ce ban yi ko uku ba. Maganin da aka nuna mini mai sauƙi ne a faɗa, mai wuya a aikata: idan kalma ta ɓace, ka yi shiru ka numfasa har ta dawo. Shirun da mai magana yake jin kamar ya yi minti guda, a kunnen masu sauraro bai wuce daƙiƙa biyu ba, kuma sau da yawa natsuwa suke ɗaukarsa.

Kashi na biyu, wanda suke kira Table Topics, shi ne ya fi ba ni tsoro, shi ne kuma ya fi yi mini amfani. Mai gabatarwa zai jefa tambaya, ya kira suna, wanda aka kira ya fito ya yi magana ta minti ɗaya zuwa biyu. Tambayar tana iya zama a kan abincin da ka fi kewa daga garinku, ko shawarar da za ka ba kanka da za a mayar da kai shekara goma sha takwas. Baƙo yana da damar ya ce a ɗaga masa ƙafa, kuma na yi amfani da wannan dama a zuwana na farko. A na biyu na fito, aka tambaye ni wace rana ce ta mako na fi so, na ce ranar Litinin saboda ita ce ranar da mahaifina yake tafiya da ni kasuwar ƙauye ina yaro, sai kaina ya ɗauke bayan daƙiƙa arba'in, na tsaya ina kallon ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya karɓe maganar, suka jira har na ƙara jimla biyu, sannan suka tafa. Na daɗe ina tunanin wannan jira. Abin da na kwashe shekaru ina gudu, wato in tsaya a gaban mutane magana ta ƙare mini, ya faru, kuma ban ga abin da ya same ni ba. A ganina wannan shi ne ainihin hajar da kulob ɗin yake sayarwa: wurin da mutum zai faɗi ba tare da faɗuwar ta ci masa aiki ko mutunci ba. Irin wannan magana ta nan take kuwa ita ce ta fi yawa a rayuwa, domin a ofis ko a taron dangi ba a cika ba mutum mako biyu ya shirya ba, sai dai a ce wane, me ka gani.

Jawabin farko da kowane sabon mamba yake yi suna kiransa Ice Breaker, minti huɗu zuwa shida ne, kuma a kan kansa mutum zai yi magana. Hikimar a fili take, domin babu batun da mutum ya sani kamar tarihinsa. Na yi nawa a kan yadda na taso a gidan da yaro ba ya magana idan manya suna zaune. Na maimaita shi a mota da ɗaki fiye da sau goma sha biyar, saboda ba a fafe gora ranar tafiya, amma duk da haka da aka kira sunana zuciyata ta riƙa bugawa har ina jin ta a kunne. Wani mamba da yake likita ya yi mini bayanin da ya sauya yadda nake kallon abin. Ya ce idan ƙwaƙwalwa ta hango abin da ta ɗauka barazana ce, jiki yana sakin sinadarin adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, yawu ya ragu, hannu ya yi rawa, kuma duk wannan shirin gudu ne ko faɗa, ba alamar cewa mutum ya kasa ba ce. Idan ka gudu, sauƙin da ka ji yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ka, sai tsoron ya ƙara ƙarfi a karo na gaba. Idan ka tsaya, ka sake tsayawa, a hankali jiki yana gane cewa babu zaki a ɗakin. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da wannan hanya ta fuskantar abin tsoro mataki-mataki suke magance firgici iri-iri. Sai a lokacin na gane cewa duk ranar da na tura ƙanina ya yi magana a madadina, tsoron nake ciyarwa. Kafin in hau, na karanta addu'ar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ke cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Ubangiji ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙa masa al'amarinsa, ya warware ƙullin da ke harshensa domin a fahimci maganarsa, kuma har yau ban daina karanta ta ba kafin kowane jawabi.

Bayan kowane jawabi da aka shirya, wani mamba yana tashi ya tantance shi a cikin minti biyu zuwa uku, ya faɗi abin da ya yi kyau, ya kawo abu ɗaya ko biyu da za a gyara, sannan ya ba mai jawabin takarda a rubuce. Wanda ya tantance jawabina na farko ya ce labarin ya shiga ransa, amma na kwashe kusan dukan lokacin ina kallon bangon baya, kuma ina haɗiye ƙarshen jimla har na bayan ɗaki ba sa ji. Gyara biyu ne kawai, kuma da su na yi aiki wata guda. Da yake masu tantancewar mambobi ne ba ƙwararrun malamai ba, ƙimar abin da mutum zai samu ta dogara ga irin mutanen da ke kulob ɗinsa, kuma wannan abu ne da ya kamata mai nema ya sa wa ido tun yana baƙo. Ni kaina da aka fara ba ni wannan aiki na gaza a cikinsa. Kara ta hana ni faɗa wa wani dattijo cewa jawabinsa ba shi da alƙibla, na cika shi da yabo, ya tafi gida bai ƙaru da komai ba. Daga baya na ga cewa abin da na ɗauka ladabi ne tauye masa hakki ne, tunda kuɗi ya biya kuma ya bar iyalinsa ya zo domin a gyara masa, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Koyon faɗar gaskiya da taushi, a gaban mutane, cikin minti uku, ya zame mini darasi na biyu da ban zo nema ba, kuma yanzu ina amfani da shi a kan ƙananan ma'aikatan da ke ƙarƙashina.

Manhajar karatun sunanta Pathways, tana kan intanet, mutum yana zaɓar hanya guda daga cikin hanyoyin da aka tanada gwargwadon abin da yake nema, ko gabatar da bayani, ko shawo kan jama'a, ko jagoranci, kuma kowace hanya matakai biyar ce. Darussan gajeru ne, a bayyane, sai dai duk wanda ya saba karanta irin waɗannan abubuwa ba zai ga wani sirri a ciki ba. Aikin da na fi yabawa a mataki na farko shi ne wanda ake sa mutum ya yi jawabi, a gyara masa, ya dawo ya sake yi yana amfani da gyaran. Ana bukatar data da waya mai kyau ko kwamfuta kafin a ci moriyar wannan ɓangare.

Inda na fi son in tsaya shi ne batun ɗorewa, domin a nan ne na sha faɗuwa shekara uku. Na tambayi kaina me ya sa ƙudurin da na kasa riƙewa ni kaɗai ya riƙu a nan, alhali ni ɗin ne ban canza ba. Amsar da na samu ita ce a da abin da nake rubutawa buri ne, ba shi da rana, ba shi da wuri, ba kuma wanda zai san na fasa. A kulob kuwa mataimakin shugaba mai kula da karatu yana zagayawa da jadawali, ka sa sunanka a kan Asabar kaza, a naɗa maka mai tantancewa, a buga sunanka a takardar taro. Daga nan fasawa ta zama saɓa alkawari da mutane goma sha biyar, kuma kunyar da ta hana ni magana a da ita ce ta koma tana hana ni guduwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi fice da bincike a kan wannan, inda ya nuna cewa mutumin da ya ƙayyade lokaci da wuri da yadda zai aikata abu ya fi yiwuwar aikata shi a kan wanda ya tsaya ga niyya kawai. Na ɗauki wannan na kai shi gida: maimakon in ce zan riƙa atisaye, sai na ce idan na idar da sallar Isha'i ranar Talata da Alhamis, zan ɗauki muryata a waya na minti bakwai kafin in taɓa wani abu. Wannan ƙaramin sharaɗi ya fi duk alkawuran sabuwar shekara da na taɓa yi wa kaina aiki.

Duk da haka na yanke. Da azumin 2025 ya kama a farkon Maris na ce zan huta har bayan Sallah, bayan Sallah na yi tafiya gida, da na dawo sai na ji nauyin komawa, kuma tsohon tunanin nan ya dawo cewa tunda na karya, abin ya lalace. Zama huɗu na rasa a jere. Kulob yana haɗa kowane sabon mamba da wani tsohon hannu da zai riƙa bibiyarsa, nawa wani dattijo ne Basakkwace da ya kusa ritaya. Ya kira ni wata Laraba da daddare, bayan mun gaisa ya tambayi iyali, bai yi mini faɗa ba, bai tambayi dalili ba, sai ya ce: «Malam, akwai gurbi ranar Asabar, in sa sunanka ko in ba wani?» Na yi shiru, sannan na ce: «Ranka ya daɗe, a sa.» Da babu wannan kira, ina kyautata zaton da wannan ma ya bi sahun ƙudurorin baya. Daga baya na karanta binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL da ke Landan, inda suka bibiyi mutum 96 na tsawon makonni 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a ta yau da kullum. Tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'ar ta ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, amma tsakanin mutum da mutum, bisa ƙiyasinsu, ya kama daga kwana 18 har zuwa 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Ɗabi'un da suka auna ƙanana ne, irin shan ruwa ko ɗan motsa jiki, saboda haka ba zan ɗora alƙaluman kai tsaye a kan jawabi ba, amma sun raba ni da zancen nan da ake yawan yi cewa kwana 21 sun isa, wanda shi ne yake sa mutum ya yanke ƙauna a mako na huɗu. Hadisin da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, na san shi tun ina makarantar Islamiyya, sai dai ban taɓa auna shi da wannan ɓangare na rayuwata ba sai a lokacin.

Batun kuɗi ba ƙarami ba ne. A lokacin da na shiga, sabon mamba yana biyan dala 20 na rajista, da dala 60 na kowane wata shida, waɗanda ake sabuntawa a zangon Afrilu da na Oktoba, sannan kulob yana iya ɗora nasa kuɗin na hayar zaure da ruwan sha. Da yake a lokacin dala ta haura naira 1,500, abin da na fitar a tashin farko ya wuce naira 120,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata. Ga ma'aikacin da ci gabansa ya rataya a kan iya gabatar da bayani, ina ganin kuɗin ya biya kansa, musamman idan aka kwatanta da bitar kwana biyu a otal wadda ake tashi daga ita da takardar shaida ba tare da mutum ya yi magana ko sau biyu ba. Ga ɗalibi ko malamin firamare kuwa nauyi ne na gaske, kuma tunda da dala ake lissafi, duk motsin canji yana taɓa aljihun mamba. Ya kamata a tambayi farashin da ake ciki kafin a yanke shawara.

Sai batun harshe. Zaman kulob ɗinmu da Turanci ake yinsa, kuma manhajar, duk da an fassara ta zuwa harsuna irin su Larabci da Faransanci, babu ta da Hausa. Ga wanda Turancinsa bai zauna ba, tsoro biyu zai haɗa a lokaci guda, na mutane da na nahawu. Na kuma lura cewa ba duk abin da ake koyarwa ba ne yake shiga taron Hausawa yadda yake. Ana ƙarfafa mai jawabi ya buɗe da abin da zai fizgi hankali nan take, alhali wanda ya tashi a gaban dattawan unguwa bai yi sallama ba, bai yi salati ba, bai gaida manya bisa matsayinsu ba, ya rasa su tun kafin ya fara. Ana koyar da kallon masu sauraro ido cikin ido, mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai a gaban na gaba. Abin da na yi shi ne na raba: a ofis ina kallon ido, a gaban iyaye ina ɗaga kai daidai yadda murya za ta fita ina kuma rarraba kallona ba tare da na kafe kowa da ido ba. Amma ƙashin bayan abin, wato sanin maganar da ka zo faɗa guda ɗaya, da tsara ta, da tsayawa a kan lokaci, da jure bugun zuciya, yana aiki a kowane harshe. Al'adar musafaha da ake yi idan mai gabatarwa zai miƙa wa mai jawabi wuri ba ta zame mana matsala ba, domin waɗanda ba sa musafaha da wani jinsi suna ɗora hannu a ƙirji, kowa kuma ya saba da hakan.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Kulob ba asibiti ba ne. Wanda tsoron mutane ya kai shi ga kasa zuwa aiki, ko kasa cin abinci a gaban jama'a, ko numfashinsa yana sarƙewa har ya ji kamar zai mutu, likita ya kamata ya fara gani, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Mai in'ina ma kulob ba zai maye masa gurbin ƙwararren mai gyaran magana ba, ko da yake ana yawan ba da misalin Mohammed Qahtani, injiniya ɗan Saudiyya da ya taso da in'ina, wanda ya lashe gasar jawabi ta duniya da ƙungiyar ke shiryawa a 2015. A 2021 kuma Verity Price ta Afirka ta Kudu ta zama ta farko daga nahiyarmu da ta ci wannan gasa. Gasar ba ta dame ni ba, kuma salon jawabanta mai yawan motsi da wasan kwaikwayo ba shi nake bukata a ɗakin taron ofis ba, amma ga mai sha'awa hanya a buɗe take tun daga matakin kulob.

A cikin shekara guda na yi jawabi shiryayye sau bakwai, na amsa tambayar nan take fiye da sau goma sha biyar, na jagoranci zama sau biyu. Tsoron bai tafi ba, kuma duk wanda ya yi wa mai karatu alkawarin zai tafi gaba ɗaya ban yarda da shi ba. Abin da ya canza shi ne tsawonsa da ikonsa a kaina: a da yana kama ni tun kwana uku kafin taro ya hana ni barci, yanzu yana zuwa minti kaɗan kafin a kira ni, ya lafa bayan jimla ta uku ko ta huɗu. Kalmomin cike gurbin da suka kai 19 sun dawo uku ko huɗu. A taron bitar aiki na 2025 ni na gabatar da rahoton sashenmu na minti goma sha biyu, na amsa tambayoyi biyar, ɗaya daga ciki na ce ban da amsarta a hannu zan kawo gobe, kuma na faɗi hakan ba tare da muryata ta karye ba. Da aka yi sunan ɗan ƙanina, ni na yi wa baƙi godiya da Hausa, mahaifiyarmu tana ji daga cikin gida.

Ina ba da shawarar wannan kulob ga ma'aikaci, ko ɗan kasuwa, ko mai neman aiki da ke da Turancin da zai iya hira da shi, wanda kuma zai iya ware yamma biyu a wata na aƙalla shekara guda. Wanda yake neman abin da zai gyara shi kafin wani taro na mako mai zuwa, ba nan ne wurinsa ba. Zuwa a matsayin baƙo kyauta ne a yawancin kulob-kulob, kuma shafin ƙungiyar yana da wurin neman wanda ya fi kusa, har da masu zama ta intanet ga wanda babu kulob a garinsu, ko da yake tsayuwa a gaban mutane masu rai ta fi kallon fuskoki a allo horar da jiki. Kafin a biya ko kwabo, a ziyarci biyu ko uku, a duba ko suna farawa a kan lokaci, ko masu tantancewa suna kawo gyara na gaske ko yabo kawai suke yi, ko lokacin zamansu ya bar wa mutum sallarsa, sannan a tambaya ƙarara wa za a haɗa sabon mamba da shi ya riƙa bibiyarsa. Ni na sabunta rajistata a zangon Oktoba, kuma an ba ni wani sabon mamba, saurayi ɗan bautar ƙasa daga Gusau, wanda zai yi jawabinsa na farko a zama mai zuwa.